Edel, 'Yar Biyu Ga Wata

A garin Skarvig in ka ce Laurids Bundgaard, abin da mutane za su fara tunawa shi ne fensir. Mutumin ya kusa shekara arba'in yana riƙe da gidan adana takardun gunduma, kuma ba wanda ya taɓa ganin biro a aljihunsa. Ko katin gaisuwar Kirsimeti da fensir yake sa hannu. Matarsa Ragna takan ce da limamin coci ya sakar masa fuska, da takardar aurensu ma da fensir zai sa mata hannu, don in ya sake shawara ya goge. Shi kuwa sai ya ce tawada tana cin takarda, kuma wanda aka ba amanar takardar wani ba shi da ikon barin tabo a kanta. Haka yake magana, kamar mai karanto doka, ko da gishiri yake so a miƙo masa.

Ɗan masunci ne. An haife shi ran ɗaya ga Oktoba a wani ƙauyen bakin ruwa, arewa da Skarvig, a gidan da ƙarnin kifi ba ya rabuwa da labulensa. Bayansa da shekara uku aka haifi ƙanwarsa Edel. Uwarsu har ta koma ga Mahaliccinta tana cewa ran ɗaya ga Maris ta haife ta. Ƙanƙara ce ta toshe hanya, ungozoma ba ta iso ba sai washegari, da ta zo kuwa ta rubuta ranar zuwanta. Ba wanda ya ɗaga maganar. Mutanen da ke neman abin sawa a tukunya ba su da lokacin faɗa a kan ɗaya da biyu.

Edel tana da farfaɗiya, amma in ba ta tashi ba yarinya ce mai surutu da dariya, kullum tana manne da yayanta. Abin da ta iya shi ne zanen tsuntsayen teku. Da gawayi take zana su, a bango, a jikin kwale-kwalen ubansu, har a bayan rigar Laurids in ya yi barcin rana. Tana da shekara bakwai ciwon ya kayar da ita a tsakiyar aji. Malamin makaranta da likita da dattawan ƙauye suka haɗa kai, suka ce alheri ne a kai ta gidan renon da ke wani tsibiri, inda ake tara yaran da aka ce kansu ba daidai ba. Kan Edel daidai yake, amma a zamanin nan masunci ba ya musu da likita. Laurids ne ya riƙe mata jaka har bakin jirgin fito. Da za ta shiga ta ce, "Yaya, ka ajiye mini gawayina, kar Inna ta zuba a murhu." Ya ce to.

Ba ta dawo ba. A can ta rasu tana 'yar shekara sha huɗu, a can aka binne ta, aka kafa wani ɗan katako mai lamba wanda ruwan sama ya cinye tun ba a je ko'ina ba. A gida ko hotonta babu, don ba su taɓa samun sukunin zuwa wurin mai hoto ba.

Laurids yana da ƙwaƙwalwa, aka tura shi karatu har Copenhagen, babban birnin ƙasar, ya karanci tarihi. Abokan karatunsa suka maƙale a can suna neman kujera a jami'a, shi kuwa ya tattara ya dawo yankinsu na Jutland, ya kama aiki a gidan adana takardu na Skarvig, wani tsohon gini mai sanyi a bayan kotu. Ya auri Ragna, malamar jinya mai kaifin baki. Ba su samu haihuwa ba. Ya rubuta littafi biyu a kan tarihin masuntan gaɓar nan, kuma kowane gida a garin yana da su a kan kantar littattafai, ko da yake yawancin mutane hotunan kawai suka duba don neman kakanninsu.

Mutane suna ɗauka aikin mai adana takardu ajiya ce. Rabin aikin zubarwa ce. Kowace shekara ofisoshin gunduma suna amayo takardu tuli, da za a ce a ajiye duka sai an rufe garin da rufi. Saboda haka aka kafa ƙa'ida a kan fayilolin talakawa, na tallafi da na reno da makamantansu: wanda aka haifa ran ɗaya ga wata, kowane wata ne, a ajiye nasa har abada don masu bincike na gaba su ga samfurin yadda aka yi rayuwa, sauran kuwa, in wa'adinsu ya cika, a kai su babban tanderun gari, wanda ke ƙona shara yana tura ruwan zafi gidaje. Laurids yana son ƙa'idar nan da zuciya ɗaya. Yakan ce ba ta san ɗan wane ba, ba ta san mai kuɗi ba, ranar haihuwa kuma ba wanda ya zaɓi tasa. Ma'aikatansa sukan tsokane shi su ce ai dole ya so ta, tunda shi ɗan gata ne, ɗan ɗaya ga wata, ko takardar ciwon haƙorinsa za ta riski jikokin jikokinsu.

Sai aka rufe gidan renon nan na tsibiri, aka kwaso takardunsa a babbar mota aka jibge masa a ƙofa. Bai bar wa kowa aikin ba. Shi da kansa ya zauna yana tacewa, 'yan ɗaya ga wata dama, sauran hagu, har ya iso kan sunan da ya san zai iso.

A shafin farko akwai hoto. An aske mata kai ƙwal, an tsayar da ita a jikin farin bango, amma ta kanne ido ɗaya tana danne dariya, yadda takan yi in ta yi masa zane a riga tana jira ya gane. Bayan hoton sai rubutun masu jinya, nauyinta, yawan faɗuwarta, abin da ta ci da abin da ta ƙi. A can ƙarshe wata mai tausayi ta cusa takardun zanenta, tsuntsaye birjik, wasu a sama, wasu a kan ruwa. A saman fayil ɗin kuwa an rubuta ɓaro-ɓaro: biyu ga Maris.

Ya daɗe zaune da shi a cinya. Daga nan ya ɗauko sabon kwali, ya sa fayil ɗin ciki shi kaɗai, ya zana ɗan tsuntsu da fensir a cikin murfin, ya sauka ɗakin ƙasa ya tura kwalin can bayan bututun ruwa a kantar da ba a amfani da ita. Bai kai shi gida ba, don a ganinsa ba nasa ba ne, na hukuma ne. Bai ɗauki kwafin hoton ba, don fayil ne rufaffe, doka ta hana. Taurin kan Laurids ke nan: da ya karya doka ɗaya, sai ya ƙara riƙe sauran da haƙora. Ragna ta yi masa tas a kan haka, ta ce ya zare hoton ya sa a aljihu, ba wanda zai ƙirga. Ya ce shi zai ƙirga. Tun daga nan kowace shekara ran biyu ga Maris, in an tashi cin abincin rana, yakan sauka ƙasa da baƙin burodinsa a takarda, ya zauna a kan wani akwati ya ci tare da ita.

Steen Ravnholt ya zo musu ne da dogon gashi da takalmi mai shan ruwa, ya gama jami'a ba aikin yi, uwarsa gwauruwa ce mai wankin benaye. Laurids ya ɗauke shi na wata uku, ya zama na dindindin. Ya koya masa karanta tsohon rubutun hannu, ya koya masa gane takardar da danshi ya fara ci tun daga wari, ya koya masa kada ya yar da kwali mai sauran rai, a ɓare tsohuwar alama a manna sabuwa, don kuɗin jama'a ne. Ya kuma koya masa zubarwa. Yakan ce, "Wanda bai iya zubarwa ba, ba mai adana tarihi ba ne, ɗan bola ne." Kowace Alhamis Steen yana gidansu yana cin dankali da soyayyen kifin Ragna har yana neman ƙari. Da ya yi aure ya haihu, Laurids ne ya riƙe jaririyar a coci ranar baftisma. Steen "Maigida" yake ce masa, da farko da wasa, daga baya ya bi bakinsa.

Wata rana wani tsoho ya shigo ofis da hula a hannu. Ya ce a gidan renon tsibiri ya tashi, yana so ya ga fayil ɗinsa kafin ya mutu, ko zai san wanda ya kai shi da dalili. Laurids ya tambayi ranar haihuwarsa, tsohon ya ce sha huɗu ga wata.

Laurids ya ce, "To, babu shi. An ƙona."

"Wa ya ƙona?"

"Mu. Ba don kai ba ne, ƙa'ida ce. 'Yan ɗaya ga wata kawai ake ajiyewa."

Tsohon ya jujjuya hularsa, ya yi godiya, ya fita. Laurids ya kasa komawa kan aiki. Da yamma ya kira Steen, wanda ya ji komai daga teburinsa, ya ce ya biyo shi. Suka sauka ɗakin ƙasa, ya jawo kwalin daga bayan bututu, ya buɗe masa, ya gaya masa ko wace ce. Ban da Ragna ba wanda ya taɓa nuna wa.

Steen ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya ce, "Maigida, kai ma dai. Ba ka ce tsohuwa ta ce ran ɗaya ta haife ta ba? Ba ni biro in gyara wannan biyun, kafin ka yi atishawa ta zama ɗaya. Shi ke nan ta shiga cikin 'yan gata, kai ma ka huta."

"Ka taɓa ganin na yi wa takarda ƙarya?"

"Ai takardar ce ta fara yin ƙaryar."

"Abin da ungozoma ta rubuta shi ne abin da ungozoma ta rubuta. In muka fara gyara wa matattu rubutu, gara mu rufe gidan mu koma kamun kifi."

Steen ya yi dariya ya ce shi ko kifin gwangwani bai iya buɗewa ba. Ya mayar da murfin da hannu biyu, a hankali, kuma Laurids ya lura da wannan, ya ji daɗi har cikin ransa.

Da lokacin ritayarsa ya yi, mutum biyu suka nemi kujerar, Steen da wata mata daga birnin Aalborg da ta fi shi daɗewa da takardun shaida. Laurids, wanda bai taɓa roƙon alfarma ba ko ta wurin ajiye keke, ya sa kwat ya bi 'yan majalisar gunduma ɗaya bayan ɗaya. Aka ba Steen. Ranar bankwana aka jera ƙananan tutoci a tebur, aka yanka kek mai hawa-hawa, aka yi waƙoƙi da jawabai. Da mutane suka fara raguwa Laurids ya ja shi gefe a baranda.

Ya ce, "Abin nan na ƙasa."

Steen ya ce, "Haba Maigida, har sai ka faɗa? Muddin ina kan kujerar nan, ko ƙura ba za ta hau shi ba." Ya miƙa hannu, suka yi musafaha. A gaɓar nan mutane ba su da yawan magana, in an riƙe hannu an gama.

Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Ran biyu ga Maris Laurids zai hau kekensa, ya biya ta gidan burodi ya sayi kek ɗin kirfa, ya nufi tsohon ofishinsa. Steen zai dafa gahawa, su taɓa hira, sannan ya sauka da kansa ya hauro da kwalin, ya ajiye a tebur, ya ce yana da ɗan aiki a kotu, ya ja ƙofa. Laurids yakan koma gida ya ce wa Ragna yaron nan ɗan halak ne. Ita kuma takan ce Allah ya sa.

Sai aka haɗe gundumomi, aka ce za a gina sabon gidan adana takardu guda ɗaya ga duka yankin, da shugaba guda ɗaya. Masu duba aiki suka zo daga babban birni suna bin kanta-kanta kafin a kwashe kaya. Steen yana cikin masu neman shugabancin, kuma ya samu. A Maris ɗin shekarar Laurids ya zo da kek ɗinsa, Steen ya tare shi da fara'a, ya ce an riga an ɗaure kaya duka an lulluɓe da leda, kwalin yana tsakiya, sai an sauke. Suka ci kek. Shekara ta zagayo, ya ce kayan Skarvig suna wani sito a bayan gari, ba a jera su ba tukuna, amma shi da kansa ya ga kwalin, lafiyarsa lau. Ya ƙara wa Laurids gahawa, ya tambayi ƙafar Ragna, ya lashe sukarin da ya maƙale masa a yatsa. Laurids ya koma gida ba tare da ko ɗigon zargi ba, har yana tausaya wa yaron saboda yawan aiki.

Da kaka aka buɗe sabon ginin. Aka aiko wa Laurids mota, aka zaunar da shi a gaba, aka yaye wani ƙyalle sai ga sunansa a ƙofar ɗakin karatu da haruffan tagulla. Steen ya yi jawabi mai daɗi, ya ce duk abin da ya sani a wurin wannan dattijo ya koya, har muryarsa ta ɗan yi rawa. Aka tafa. Da aka koma kan shaye-shaye Laurids ya sulale, don shi ba ya iya ganin kanta bai bi ta ba. Ya shiga ɗakin ajiya yana tafe yana shafa kwalaye da bayan hannu, yana jinjina tsabtar wurin.

A wani layi ya tsaya. Akwai kwali mai lotsattsen kusurwa, an ɗaure shi da jan zare irin na masunta, kuma ya san ranar da ya fara ɗaura masa zaren. Zuciyarsa ta yi fari, ya ce ashe an kawo ta. Sai ya ga alamar da ke jiki sabuwa ce: takardun magudanan ruwa na unguwar tasha. Ya jawo kwalin ya buɗe. Taswirar lambatu ce cike har baki. Ya juya murfin, ga ɗan tsuntsunsa na fensir yana nan.

An ɓare tsohuwar alama an manna sabuwa, yadda ya koyar.

Da murfin a hannu ya samu Steen, wanda ya haura ofis ɗauko wani abu. Ya shiga ya rufe ƙofa. Steen ya kalli murfin, fuskarsa ta yi ja har kunne.

Laurids ya ce, "Yaushe?"

"Maigida, zauna tukuna."

"Yaushe, na ce."

"Kafin a kwashe kaya. Masu dubawa ne suka gano shi a bayan bututu. Suka ce mene ne wannan, fayil ɗin 'yar biyu ga wata shi kaɗai a kwali, ga sunan gidanku a jiki. Me zan ce musu? A makon nan ake tantance mu."

"Sai ka ce nawa ne. Ni na ɓoye."

"Ai sunanka nake karewa. Ka san abin da za a ce? Bundgaard mai wa'azin ƙa'ida, ya ƙona na 'ya'yan mutane ya ɓoye na ƙanwarsa."

"Sunana." Laurids ya ɗan yi murmushin da ba na daɗi ba. "Shi ne ka rataye shi a ƙofa da tagulla."

Steen ya ce, "Kai ka koya mini. Na ji abin da ka gaya wa tsohon nan mai hula. Ba don kai ba ne, ƙa'ida ce. Ko ba haka ka ce ba?"

"Haka na ce. Amma a idonsa na faɗa, ranar da ya tambaya. Ban ci kek ɗinsa ba." Ya numfasa. "Gidana da nan tafiyar keke ce, Steen. Wayata tana aiki. Da ka ce mini gobe za a kai ta tanderu, da na zo na gan ta sau ɗaya. Hoton fa?"

Steen ya sunkuyar da kai. "Duka aka kai. Na yi tunanin zarewa. Sai na ce kai da kanka ba ka zare ba duk shekarun nan, ni wane ne?"

Nan ne maganar ta soke shi, don gaskiya ce, kuma don mai faɗinta ya san inda zai soka. Laurids ya ajiye murfin a tebur, tunda shi ma na hukuma ne, ya sauka ta matakalar baya, ya bar motar da aka aiko masa, ya taka har gida.

Ba ƙonawar ce ta fi ci masa rai ba. Ya san tsoro, ya san yadda kujera ke sa mutum ya manta alƙiblarsa, da Steen ya zo da hawaye a ranar, da wataƙila ya yafe. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne Maris biyun nan: gahawar, da tambayar ƙafar Ragna, da "ni da kaina na ga kwalin", da yadda shi tsoho ya hau keke cikin iska yana riƙe da kek, yana murna, zuwa wurin abin da ya riga ya zama toka. Ya ji an mayar da shi wawa a gidan da ya gina, kuma wanda ya yi masa haka da cokalin gidansa ya yi ƙiba.

Lokacin sanyi ya shigo, Ragna ta tarar ya murɗe bututun ɗumama ɗakin karatunsa, yana zaune cikin kwat da safar hannu. Ta tambaye shi ko ya haukace ne. Ya ce daga tanderun nan ruwan yake zuwa. Ta tsaya tana kallonsa. Daga baya ta ce, "Ɗumin wancan lokacin ya daɗe da wucewa, tsoho. Mun riga mun sha shi, ni da kai da duk garin." Ta ɗauko bargo ta rufa masa, ta bar bututun yadda ya murɗe shi.

Ya yi ƙoƙarin rubuta abin da ya tuna. Shi da ya ƙare rayuwarsa yana gaya wa ɗalibai cewa tunanin mutum ba hujja ba ne sai da takarda, ga shi zaune da fensir yana kokawa da kansa a kan wane ido ta kanne, na dama ko na hagu. Yau ya rubuta dama, gobe ya goge. Ya gwada zana tsuntsayenta, suka fito kamar kaji.

Ban da Ragna, bai gaya wa kowa ba. Steen ya yi ta aiko da furanni da kwalbar giya kowace Kirsimeti, Ragna tana miƙa wa maƙwabta ta kan shinge. In sun haɗu a kasuwa Laurids yakan taɓa hularsa ya wuce. Mutanen gari suka yanke hukuncinsu: tsufa ne da hassada, yaro ya gina abin da maigidansa bai gina ba, har ya sa masa suna a ƙofa, amma dubi sakayya. Steen yana jin ana faɗin haka, bai taɓa gyara wa kowa ba. Sai bayan rasuwar Laurids ne Ragna ta buɗe baki, kuma ta buɗe shi sosai.

Amma kafin nan, a bazararsa ta ƙarshe, ya ce mata su je su zaɓi wurin kwanciyarsu a maƙabartar coci, su ba da aikin dutse tun suna da ƙafa, kada a zo a rubuta musu shirme. Suka je wurin mai sassaƙar dutse a hanyar tasha, wani ƙato mai ƙura a gira. Laurids ya ba da sunansa da na Ragna. Sannan ya ce a ƙara suna na uku a ƙasa, Edel Bundgaard.

Mai dutsen ya ce, "A nan za a kwantar da ita?"

"A'a. Sunan kawai."

"Ka san dai in wa'adin hayar kabari ya cika ba mai sabuntawa, ɗauke dutsen ake yi a farfasa a zuba a hanya."

Laurids ya ce, "Na fi ka sani. Ni nake ajiye takardun."

Mutumin ya ɗaga kafaɗa, ya ciro biro daga bayan kunne, ya tambayi ranar haihuwarta. Ragna ta juyo ta dubi Laurids. Ya gyara riƙon sandarsa.

Ya ce, "Ɗaya ga Maris."

"Ɗaya? Ka tabbata? Wannan ba fensir ba ne fa, Bundgaard, in na sassaƙa ba ya goguwa."

Ragna ta sa hannu ta riƙe masa damtse.

Ya ce, "Ɗaya. Uwarta ce ta faɗa, kuma tana wurin."